Giɓin da Nesta Ta Toshe

Sun gama loda kaya a bayan mota ke nan, adduna da guduma da ragowar turaku, Ifor ya jingina da ƙyauren gona yana tsiyayar sauran shayin fulas. Lokacin sanyi ne, rana ba ta daɗewa a sama. Daga bakin titin ana hango shingen da suka wuni a kansa, ya miƙe ya hau tudu, a kwance luf, saran da aka yi wa gindin itatuwan yana ta fari a cikin hazo.

Aikinsu ke nan shi da ƙanwarsa Nesta, gadon uba. A sari itace a gindi ba tare da an raba shi da saiwarsa ba, a bar masa ɓawo ta gefe ɗaya, a kwantar da shi kansa na kallon tudu, a kafa turaku a saƙa. Bazara na zuwa sai ya tofo, ko ɗan rago ba ya samun wurin ratsawa. Ifor ya fi ta ƙarfi, ita ta fi shi hannu, kuma ba ta taɓa barin ya manta da hakan ba. Abin da ta tsana a duniya shi ne shinge mai giɓi. A ranar shi ya yi aikin ƙasa, ita ta yi na sama.

Ifor ya kai kofi baki ya tsaya. Ya ƙanƙance ido yana duban can ƙarshen tudun.

"Nesta, ina giɓin sama?"

"Wane giɓi?"

"Kada ki raina mini hankali. Na gefen farin dutsen."

"Na toshe shi," ta ce tana cire safar hannu. "Shinge mai gonar ya ce a yi masa, ba ƙofa ba. Ta nan tumakinsa suke sulalewa."

"Mai gonar bara ya zo garin nan. Ke a nan aka haife ki."

"Haba Yaya. Rabon da a ɗauko gawa ta wannan hanya tun kafin a haifi Baba. Ga titi, ga motar gawa. Tsohuwar cocin ma ƙofarta a garƙame take."

"Ba don masu rai ake barin sa ba."

Duk wanda ya tashi a kwarin ya san hanyar makara. Ta nan mutanen kan tudu suke saukowa da mamatansu a kafaɗa zuwa tsohuwar coci, tun zamanin da babu titi. Ciyawa ta cinye hanyar, amma duk shingen da ya gitta ta, da duk katangar dutse, akwai giɓi daidai faɗin makara da masu ɗaukarta. Ba wanda ya rubuta dokar. Masu aikin shinge dai suna isowa wurin su tsallake, su ci gaba daga ɗaya gefen. Nesta ta san wannan sarai. Kyan aiki ne ya ruɗe ta, ta ga layi ya tafi sumul, ta kasa barin sa da wawulo.

Ifor ya zubar da shayin, ya jawo injin zarto daga bayan mota, ya kifa hularsa ta kwano mai ruwan lemo.

"Gobe mana," in ji Nesta. "Duhu ya kusa."

"Ba ya kwana a toshe."

Ta yi tsaki, ta bi bayansa tana mita. A ranta haushi take ji, za a ɓata mata wurin da ya fi ko'ina kyau.

Hawan da nisa. Ƙasa ta jiƙe, takalmi yana nutsewa yana fitowa da ƙara. Iska tana warin ruɓaɓɓen ganye da ɗanyen itace da kashin tumaki. Kafin su kai, motar ta ɓace a cikin hazo a bayansu.

Da Ifor ya ga abin da ta yi, sai da ya riƙe ƙugu. Wata bishiya ce da ta daɗe tsaye a bakin giɓin, kaurinta ya kai ƙugun babban mutum. Ita Nesta ta sara ta kwantar, ta gicciya ta a kan giɓin, ta danne kanta da turaku, ta saƙa ƙaya a jikinta.

"Ke kaɗai kika kwantar da wannan?"

"Da wa zan yi? Kana can ƙasa kana hira da tumaki."

Bai yi dariya ba. Ya ja igiyar injin, ƙara ta cika tudun, warin fetur ya tashi. Da rana ce, da ya zagaya ya duba ta ina itacen ya ɗaure, ya tsaya ta gefen sama. Ya san wannan tun yana saurayi. Amma yana sara yana waiwayen tudu, kuma ta gefen gangare ya tsaya.

Itacen ya yi wata ƙara kamar an karya ƙashi. Ya fizge turakun, ya mirgino. Injin ya mutu nan take. Da Nesta ta buɗe ido, Ifor yana kwance rigingine a tsakiyar giɓin, gungumen ya danne masa cinyoyi biyu.

"Yaya!"

"Ina ji," ya ce da ƙyar. "Kada ki yi ihu. Ɗauko injin."

Injin yana nan, amma bakinsa ya maƙale a cikin saran, itacen ya cije shi. Ta ja, ta girgiza, ta taka gungumen ta sake ja. Ko motsi. Ta tumɓuke turke ta cusa a ƙarƙashi ta danna da duk nauyinta, turken ya karye. Ta sa wani, shi ma haka. Ta ciro waya, babu sabis ko ɗigo. Ta durƙusa tana tona ƙasa da yatsu a ƙarƙashin ƙafarsa, sai ta tarar da dutse.

"Zan sauka in kira mutane," ta ce.

Ya cafke hannunta.

"Saurara."

Da farko ba ta ji komai ba. Sai ta gane abin da yake nufi ke nan. Tumakin da suka wuni suna kuka sun yi tsit. Ta leƙa ta saman shinge. Sun rabu biyu, wasu dama wasu hagu, sun bar fili a tsakiya, duk sun juya wa tudun baya.

Can sama, a cikin hazo, ana waƙa.

Muryoyin maza ne, ƙasa-ƙasa, a hankali. Waƙar rakiyar gawa ce irin ta da, wadda ko a coci an daina yi. A ƙarƙashin waƙar akwai takun ƙafafu masu yawa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, duk a tare.

"Gudu," Ifor ya raɗa mata. "Bi gefen shinge. Kada ki bi hanyar."

"Ba inda za ni."

"Nesta, don Allah."

Ta rungume kansa. Hular kwanon tana da sanyi a kumatunta.

Wari ya fara isowa. Jiƙaƙƙen ulu, da kafur, da sabon katako da aka fere.

Takun ya matso. Ya matso. Ya tsaya daidai bayan gungumen.

Waƙar ma ta tsaya.

Ba ta so ta duba, amma ta duba. Ba mutane ta gani ba. Wurare ta gani inda hazon ya ƙi shiga, dogaye, masu kafaɗu da baƙaƙen huluna, jere biyu-biyu har inda ido ya ƙare. Wani a cikinsu ya yi tari, tarin tsoho.

Jira suke yi.

"Ku yi haƙuri," Nesta ta ce. "Ni ce. Ba shi ba ne. Ni na toshe."



Gungumen ya motsa. Ta ga ɓawonsa yana lotsawa wuri-wuri, kamar yatsu sun kama. Kan itacen ya ɗaga. Tsakiyarsa ya ɗaga. Gindin kuwa, ɓangaren da ke kusa da ita, yana nan a ƙasa, duk nauyin ya koma kan Ifor. Ya saki wata ƙara da ba ta taɓa jin irinta daga bakinsa ba.

Akwai gurbin mutum ɗaya a wurin. Ba kowa a cikinsa.

"Kada ki sa kafaɗa," ya ce, haƙoransa a datse. "In kika sa, ba kya fita sai an karɓe ki. Haka ake ɗaukar gawa. Kina ji na? Babu mai karɓar ki."

Jini ya fara fitowa ta gefen bakinsa.

Ta sunkuya ta sa kafaɗa.

Itacen ya tashi cak. Ta ji numfashin Ifor ya saki a bayanta. Ta buɗe baki za ta ce masa ya ja jiki, sai waƙar ta dawo, ƙafarta ta hagu ta ɗaga da kanta.

Suka fara sauka.

Ta yi ƙoƙarin tsayawa. Ƙafafun ba nata ba ne. Ta yi ƙoƙarin waiwaye, wuyan ya ƙi. Abin da ke kan kafaɗarta ba ɓawon itace ba ne yanzu. Sandar makara ce mai santsi, wadda hannuwa da yawa suka goge.

Nauyin yana shiga ƙashi. Na gabanta yana numfashi, amma ba tururi a bakinsa duk da sanyin. Na bayanta yana taka mata diddige.

Suka ratsa giɓin katanga. Suka ratsa na wani shingen. Ko'ina hanya a buɗe.

Ta ji bakinta yana motsi. Waƙar take yi. Ba ta taɓa koyon ta ba.

Can ƙasa rufin tsohuwar cocin ya fito daga hazo. Ƙyauren maƙabartar da ke jikinta, wanda aka ɗaure da sarƙa tun tana yarinya, a wangale yake.

Hawaye suna zuba, ba hannun sharewa. Ta san in ta shiga ƙofar nan ba za ta fito ba.

Sai aka dafa kafaɗarta.

Hannu ne mai ɗumi, yana warin fetur da shayi.

"Matsa, ƙanwata," aka ce a kunnenta. "Ke ba ki iya ɗaukar kaya ba, sai baki."

Daɗi ya kama ta har ta kusa yin dariya.

"Yaya! Ka tashi?"

"Matsa."

Nauyin ya bar ta. Ta faɗi gefe cikin ciyawa, ƙafafunta suka dawo nata. Ta ɗago kai. Jerin yana wucewa, baƙaƙen huluna biyu-biyu, a cikinsu hula ɗaya mai ruwan lemo. Tafiya yake yi miƙe, kafaɗa a ƙarƙashin sanda, ko ɗingishi babu.

Mutumin da gungume ya murƙushe wa cinyoyi.

"Yaya," ta kira. "Ifor!"

Bai waiwayo ba. Suka shige. Ƙyauren ya rufe a hankali, waƙar ta yanke.

Da rarrafe ta hau tudun, da gudu, da faɗuwa. Tumaki sun koma kiwonsu. Gungumen yana ajiye a gefe, a jikin shinge, an daidaita shi tsaf, injin yana maƙale a jikinsa. Giɓin a buɗe.

Ifor yana nan inda ta bar shi, hularsa a kansa, idonsa a buɗe yana kallon sama. Ta taɓa fuskarsa. Ta riga ta yi sanyi.

Likita ya ce hakan yana faruwa. In abu mai nauyi ya daɗe a kan mutum aka ɗage shi lokaci ɗaya, gurɓataccen jini yana komawa zuciya ya tsayar da ita. Ya tambaye ta wa ya ɗage itacen. Ta ce ita ce. Ya dubi hannuwanta, ya dubi fuskarta, bai sake tambaya ba.

Tun daga lokacin Nesta ba ta ƙara karɓar aiki a wannan kwarin ba, kuma rana na karkatawa take tattara kayanta ko da saura itace ɗaya.

Ranar jana'iza aka ce mata ta zauna a gaba tare da matar Ifor, maza za su ɗauka. Ta ce a'a, da ita za a ɗauke shi. Suka jeru a ƙofar sabuwar coci, ita da 'yan'uwan babansu da abokin Ifor na ƙuruciya, wani Meirion. Ifor ƙaton mutum ne, kowa ya gyara tsayuwa ya ja numfashi. Suka ɗaga da ƙarfi, har akwatin gawar ya kusa kuɓuce musu sama don rashin nauyi.

Meirion ya leƙo ta ƙarƙashin akwatin ya dube ta, fuskarsa ta yi fari.

"Nesta," ya raɗa, "anya yana ciki kuwa?"

"Yi tafiya kawai," ta ce. "Ya riga mu isa."