Tekun da Babu Faɗa

Na'urar Tantance ta sauke dogon hannunta cikin kwarmin gwaji, ta haska kifin da shuɗin haske tun daga baki har wutsiya. Kifin ya baje ƙayoyinsa kamar gezar zaki, yana juyi a hankali. Allon ya yi ja.

"Bai dace ba," in ji na'urar. "Zai haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa."

Dakta Saratu Illo ta dafe kai. A duk kifayen da jirgi ya kawo, babu wanda ya kai wannan kyau.

Sabuwar Tunga birni ne na dogayen benaye da jiragen ƙasa masu tafiya a sama, an gina shi a gaɓar kogin Kwara, nesa da teku. Shi ya sa hukumar birnin ta ce za ta kawo teku gida. Aka gina Tekun Gilashi, tanki mai faɗin filin ƙwallo, aka cika shi da ruwan gishiri, aka dasa murjani mai rai wanda aka raina a ɗakin gwaji. Murjanin ya kama, ya yi rassa ja da rawaya. Saura kifi, kuma zaɓensu aikin Saratu ne.

Zaɓen ya fi haɗa 'yan haya a gida ɗaya wuya. Wani kifin nama yake ci. Wani ɗan tsurut ne, amma in ya kama rami ba mai wucewa ta ƙofarsa. Wani kuwa lafiya lau yake da kowa, sai dai murjanin yake gaigaya. Tantance takan duba ƙirar baki da sinadaran jini da yadda kifi ke yi in ya ga baƙo, sannan ta yanke hukunci. Ta amince da 'yan kama, ƙananan kifaye masu ratsin fari da ruwan lemo. Ta amince da wanzamai, waɗanda ke bin manyan kifaye suna tsince musu ƙwari a fata. Zakin teku kuwa, wato mai ƙayoyin nan, da giwan teku, da macijin dutse, duk ta ƙi su.

Hajiya Balaraba, shugabar hukumar, ta zo duba aiki, ta tsaya gaban gilashin ta taɓe baki.

"Dakta, mutum zai taso daga Agadas ko Yola don ya ga waɗannan 'yan mitsi-mitsin? Ina manyan?"

"Ranki ya daɗe, in na saka manyan, kafin mako ya zagayo su kaɗai za su rage."

Ba ta rufe baki ba Injiniya Nafi'u, abokin aikinta mai kula da injinan ruwa, ya faɗo ɗakin yana haki, rungume da wani abu mai kama da kifaffiyar ƙwarya ta azurfa.

"Dakta, ta yi! Wallahi ta yi! Ku zo ku gani!"

Ya sa wa abin suna Lumana. Yana fitar da wani amo da kunne ba ya ji, wanda ke kwantar da ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke ingiza dabba ta kai hari ko ta gudu. Nafi'u ya manna shi a jikin kwarmin zakin teku, ya kunna, ya ɗebo ɗan kama guda ya jefa.

Saratu ta matso ta zuba ido. Ɗan kaman ya nufi zakin kai tsaye, ya ratsa tsakanin ƙayoyinsa, ya goga bakinsa, ya fito ta ɗaya gefen. Zakin ko motsi bai yi ba.

"Sake wani!" in ji ta.

Ya zuba biyar. Suka yi ta zagaya shi kamar jikoki da kakansu. Saratu ta buga tsalle ta manta shugaba na wurin, Hajiya Balaraba kuwa ta rangaɗa guɗa.

"To abincinsu fa?" Saratu ta tambaya.

"Ƙwayoyin abinci za mu riƙa zuba musu. In ya faɗo kusa da baki za su ci."

Aka jera Lumana a kewayen tankin, aka saki duk kifayen da Tantance ta ƙi. Na'urar ta yi ta jan allo tana cewa bai dace ba, har Saratu ta kashe mata murya.

Ranar buɗewa gari ya tashi. Layi ya miƙe har tashar jirgin sama. Mutane suka manna fuska a gilashi suna salati. Ga giwan teku, ya kai girman saniya, ƙananan kifaye suna shiga bakinsa suna fita. Ga macijin dutse ya fito daga rami ya miƙe a fili, jatan lande na tafiya a bayansa. Wani tsohon masunci ya cire hula yana cewa shekara da shekaru yana kan ruwa bai taɓa ganin kura da akuya a turke ɗaya ba sai yau. Masana suka yi ta kira daga ƙasashen bakin teku suna neman sirrin. Saratu ta yi makonni tana yawo cikin ramin gilashin da ya ratsa ƙarƙashin ruwan, tana nuna wa baƙi, bakinta bai rufu ba don murna.

Bayan damina, Saratu ta shiga ruwan da kayan nitso don duba ƙwan 'yan kama. A al'ada namiji kan tsare ƙwan, yana yi musu fifita da fiffike, yana korar duk wanda ya matso ko da ya fi shi girma sau ɗari. Ta tarar da ƙwan sun yi fari sun ruɓe, uban yana shawagi can gefe. Ta juya wajen giwan teku, ta ga ƙwari sun cika masa fata, wanzamai na wucewa ba su ko kalle shi ba. Kifayen da ke kiwon gansakuka sun daina nema, sai abin da ya faɗo musu, gansakukar ta hau murjani ta shaƙe shi. A duk faɗin tankin babu ɗan kifi ko ɗaya da aka ƙyanƙyashe.

Ta fito ruwa na zuba a jikinta, ta sami Nafi'u a ɗakin injina, inda yake wuni jingine da bangon tankin.

"Injiniya, ba faɗa kaɗai muka kashe ba. Ba sa nema, ba sa karewa, ba sa haihuwa. Murjanin mutuwa yake yi!"

Ya ɗago ya yi murmushi. "Ba komai, Dakta."

"Aikinmu fa na ce maka yana mutuwa."

"To, Allah ya kyauta. Zauna ki huta."

Ta dube shi da kyau, ta ga ya yi lakwas kamar kifayen. Ta fita da gudu ta kira Hajiya Balaraba.

"Ranki ya daɗe, dole a kwashe manyan kifayen a kashe Lumana. Tana kama mutane ma."

"Ai mun sani, Dakta!" in ji Hajiya da fara'a. "Masu gadi suka fara lura ba a taɓa rigima a layin kallo ba. Tun shekaranjiya muka sa Lumana manya-manya a babbar kasuwa. Ko ƙara ɗaya ba a kawo ba. Gobe sai tasha da makarantu."

Saratu ta hau jirgi ta sauka a kasuwa. Ba ta taɓa jin wurin shiru haka ba. Babu mai kiran ciniki, babu mai cewa a ba shi hanya. A layin masu suya, mai ya kama da wuta, harshenta ya lashi rumfa ya tsallaka zuwa rumfar kusa. Mai rumfar tana zaune a kan kujerarta tana kallo. Mutane sun taru, hannuwa a baya, fuskokinsu a sake.

Ta ruga wajensu ta buɗe baki za ta yi ihun gobara. Kafin ta isa, gudun ya koma tafiya. Ta ji ƙirjinta ya yi sanyi, wani daɗi ya sauko mata har ƙafa. Ta tsaya kusa da wata mata mai goyo.

"Sannu," in ji matar. "Kin ga wuta?"

"Na gani," in ji Saratu. "Tana da kyau."