Takalmin Baban Ramatou

Ranar jajibirin Kirsimeti Ma'azu ya rasa Ramatou, a gindin wata bishiyar Kirsimeti ta roba a unguwar Tianhe. Ba mutuwa ce ta raba su ba. Da mutuwa ce, da ya samu masu yi masa ta'aziyya.

Ma'azu ɗan Kano ne, yana saro wa yayansa Shehu takalma a Guangzhou yana lodawa zuwa kasuwar Wambai. Ramatou 'yar Maraɗi ce, tafintar hajiyoyin Nijar masu sarin tufafi a kasuwar Baima. Mahaifinta baduku ne. Da maganar aurensu ta je gabansa, tsohon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ya zauna ya ɗinka takalmin fata, ja da kore, da tauraro a hancinsa, aikin da duk Maraɗi an san hannunsa ne, ya ba wata hajiya ta kawo wa Ma'azu. Amsarsa ke nan.

Ma'azu ya tura wa Shehu hoton don ya taya shi murna. Shehu bai ga suruki ba, samfur ya gani.

"Kai shi kamfani a buga mana na roba."

"Yaya, kyauta ce fa... daga baban yarinyar."

"Za su dawo maka da abinka. Shagon nan na mahaifinmu ne, yanzu ƙuda ne kawai ke shigarsa. Ko so kake a rufe shi Hajiya tana raye?"

Da aka ambaci Hajiya, mahaifiyarsu, magana ta ƙare. Ya kai. Kuma a wannan jajibirin ne lawban, mai kamfanin, ya ce zai turo hoton bugun farko.

Ramatou ce ta matsa a fita.

"Bakano, ka tsufa cikin garin ga ba ka san komi ba sai kwali da salatif. Yau sai ka ga gari!"

Bayan la'asar suka fara da titin Yide, inda ake sarin kayan ado. Ƙararrawa, jajayen huluna, gumakan tsoho mai farin gemu an jera su kamar masu jiran biza. Gaba kaɗan ga tsohon cocin dutse, jama'a sun yi dafifi a ƙofarsa. Rabinsu ba ibada ta kawo su ba, hoto suka zo.

Wayarsa ta yi rawa a aljihu. Ya zaci lawban ne. Shehu ne. Ya kashe.

'Yan mata na sayar da tuffa ɗai-ɗai cikin kwali da ƙyalle. Ramatou ta sayi guda ta miƙa masa.

"Al'adarsu ce. Yau ake ba wanda ake so, don ya zauna lahiya."

"Tuffa guda a kwali? Ai kwalin ya fi ta tsada."

"Wayyo ni Ramatou! An ba shi soyayya yana kuɗinta."

Ya yi dariya, ba ta fito da kyau ba. Idonta ya sauka ƙafarsa.

"Mi ya sa ba ka sanyo takalmin Baba ba? Na ce maka hoto za mu yi in tura mishi."

"Rabin raina, kin ga cunkoson jirgin metro. Tsoro nake a tattake shi."

Ta yi murmushi, har da jin daɗi. Mace takan yarda da ƙaryar da ta yi kama da girmama ubanta.

Bayan magariba suka fito a Tianhe. Bishiyar ta kai tsawon bene, fitilu sun lulluɓe ta tun daga ƙasa. Wani inji a sama yana feso kumfa a madadin ƙanƙara, yara na tsalle suna cafkewa. Garin da bai san ƙanƙara ba, shi ma ya buga tasa ta roba.

"Ba ni wayarka, ta fi tawa ɗauka."

"Bari ni in ɗauke ki..."

"Kawo, masoyi. Kai hotonka kullum sai ka yanke wa mutum kai."

Ya miƙa. Me zai ce?

Ta ja baya, ta ɗaga wayar. "Yi murmushi mana! Kamar wanda kwastan suka kama."

Sai ya ga murmushinta ita ya mutu. Yatsanta ya taɓa fuskar wayar. Ta daɗe tana kallo.

"Mi ne ne wanga?"

Ta juyo masa da ita. Ja da kore. Tauraro a hanci. Roba tana ƙyalli kamar an shafa mata mai.

"Rama, tsaya in..."

"Akwai saƙon murya daga lawban. Ba ni ce tafintarka ba? Bari in yi maka aikina."

Ta kara a kunne. Ta fassara masa da muryar da take yi wa hajiyoyi, babu hawa babu sauka.

"Ya ce samfur ya hito da kyau. Ya ce roba ta ɗauki tauraron tsaf. In ka amince, kwantena za ta tashi kahin sabuwar shekararsu." Ta ƙara saurarawa. "Na asalin kuma ya ce mayo. Babu. Sun farke shi sun fidda awo, sun zubar."

Wannan bai sani ba. Tuffar ta nemi suɓuce masa.

"Wallahi sun ce za su dawo da shi!"

"Daga Wambai ina kaya ke tahiya, Ma'azu?"

Ya kau da kai.

"In taya ka? Katsina. Jibiya. Daga Jibiya sai ina?"

"Rama, shagon babanmu ne... Yaya Shehu ya ce Hajiya..."

"Sai Maraɗi! Gaban rumfar Baba za a kasa shi tsibi-tsibi, yana zaune yana kallon hannunshi ana yi mishi gwanjo!" Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Ka san idonshi ya yi rauni? Inna ke zura mishi zare a allura. Ya bar ɗinki da kanshi tuntuni. Don kai ya koma!"

"Zan hana! Yanzu zan kira shi in soke!"

"Ka soke mi? Awo na hannunsu. Ko kai ba ka ɗauka ba, gobe wani zai ɗauka."

Gaskiya ce, kuma ya fi ta sanin haka. Ta wannan hanyar ya ci abinci shekara da shekaru.

"Kai kana da shagon uba," ta ce a hankali. "Ni kuma daga sama na faɗo."

"Masoyiyata, don Allah..."

Ta miƙo masa wayar da hannu biyu, har da ɗan rusunawa, yadda 'yan shago ke miƙa wa baƙon da ba su sani ba.

"Shiyeshiye, lawban," ta ce da yaren garin. Na gode, maigida.

Ta juya ta nufi matattakalar metro. Ya bi ta. Masu gadi sun tare hanya da ƙarfe saboda cunkoso, suna sakin mutane rukuni-rukuni. Ita ta wuce, shi aka tsayar. Ya hango jan mayafinta yana sauka cikin kawuna, ya ƙwala kiran sunanta, kiɗan bikin ya haɗiye.

Ba ta ƙara ɗaukar wayarsa ba. Kafin shekara ta juya, Ramatou ta koma Maraɗi. Ma'azu ya soke odar, Shehu ya sa wani ya ɗauko masa. Kaya suka karɓu sosai. Shago ya tashi, Hajiya ta sa albarka.

Ya aika da ban haƙuri ta bakin hajiyoyi, ya kawo uzurin yaya, na uwa, na kasuwa. Duk an isar. Abu ɗaya ne ba ya aikuwa ta bakin kowa.

Da safen ranar da zai kai takalmin kamfani, ya rufe ƙofa, ya wanke ƙafarsa, ya saka. Ya taka daga gado zuwa taga. Tsohon da bai taɓa ganinsa ba ya ɗinka masa daidai, ko matsi babu. Tun rasuwar mahaifinsa ba wanda ya zauna ya yi masa wani abu da hannunsa.

So ya yi ya ce mata, ki gaya wa Baba ya yi mini daidai.