Magarya Biyu a Kujerar Kara

A makarantar lakwal ta Gure akwai wani yaro mai saurin hannu. Kome aka ce a yi, shi ke fara gamawa.

Ran nan malaminsu, Mushe Manzo, ya shigo da kara da ƙaya da magarya.

"A cikin kananzir akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani," in ji shi. "Shida-shida suke haɗuwa, su lanƙwashe kamar kujera. Kowace kusurwa hannu biyu gare ta, na sama da na ƙasa. Ku ƙera mini ita. Ku soke magarya biyu a kusurwa biyu maƙwabta, ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Masana na kiran wannan tirans. Wanda ya kuskure, ba shi zuwa hutun tara yau."

Da suka ƙera, kowace kusurwa ta fito da hannu ɗaya a tsaye, ɗaya a gefe. Yaron ya soke nasa a hannuwan da suka miƙe tsaye. Sai ya leƙa na abokinsa Mainasara, ɗan makiyayi daga Kelle. Shi a hannuwan gefe ya soke.

"Kai, sarkin raƙuma ya ɓata!" ya ce a ransa.

Da Mainasara ya fita shan ruwa, yaron ya zare magarya guda daga kujerar abokin, ya mai da ita hannun da ya miƙe sama.

Mushe ya duba, ya girgiza kai. "Mainasara, duka biyu sama suke. Zauna."

Idon Mainasara ya kawo ruwa. Sai yaron ya miƙe.

"Mushe, ni ne na taɓa. Gyara na so in yi masa."

"Gyara? To mai da ita inda take."

Ya mayar. Mainasara ya ja shi ƙasa.

"Tsuguna, mai gaggawa. Haka baba ke duban ƙafar raƙumi, ba daga tsaye ba."

Yaron ya tsuguna, ya sa ido daidai kujerar. Ashe hannuwan gefe ma ba a kwance suke ba! Ɗaya ya ɗan karkata sama, ɗayan ƙasa.

"Wallahi naka daidai ne! Yaya ka gani?"

Mushe ya yi murmushi. "Ya duba ne kafin ya soke. Duka naku tirans ne, amma nasa ya fi zama daram."

Yaron ya ba da haƙuri, suka fita tara tare. Tun ranar, ba ya cewa aikin wani kuskure ne sai ya tsaya ya duba da kyau, ya kuma tambayi mai shi.