Ruwan da Ya Sauka a Rijiyar Bube

Ranar da Zara'u Manzo ta fara ganin Sidi, yana tsaye a bayan lakwal ɗin Rijiyar Bube, makarantar da yake koyarwa, rungume da ma'aunin ruwan sama kamar wanda aka miƙa wa jinjiri. Watan Oktoba ne na 2009, damina ta ɗauke tun gero bai yi ido ba. Wata ƙungiyar agaji mai buro, wato ofis, a Tasawa ce ta aiko ta zagaya ƙauyukan Mayahi, ta karɓo yawan ruwan da kowane gari ya samu.

"Mushe, nawa kuka samu bana?" ta tambaye shi, da lakabin da ake kiran malaman lakwal.

"Milimita ɗari da arba'in."

"Maƙwabtanku duk sun wuce ɗari ukku. Ko dai gwangwanin naka na yoyo?"

"Madmazal, gwangwanina bai ƙarya. Hadari shi kan taso har mu kwashe shanya, sai ya bi ta kanmu ya tahi ya zuba ma wasu."

Ta rubuta lambar tana murmushi, shi kuma ya manta da yaran da ya bari a aji. Motar su Zara'u ta ƙi tashi sai bayan la'asar, kuma babu wanda ya ji haushi a cikin su biyun.

A inuwar aduwa ya tambaye ta abin da take karantawa a jami'ar Yamai. Ta ce lissafi, wani reshe da ake kira katagori, wanda bai damu da abu shi kaɗai ba, sai da yadda yake haɗuwa da wasu. Aikinta na ƙarshe kuwa a kan komonad ne. Da ta ga ya yi zuru, sai ta tona gurabun dara a rairayi.

"Kowane gurbi gari ne," in ji ta. "Komonad hanya ce ta duban gurbi tare da duk na kewayenshi. Kana iya yi ma kowane gurbi tambaya, ya duba maƙwabta kahin ya amsa. Amma akwai doka. In tambayar ita ce wane ne kai, to dole ya hwaɗi nashi, allon ya dawo yadda yake."

"Ke nan har a lissahi maƙwabci bai amsa sallamar da aka yi ma mai gida."

"Ka gane hiye da 'yan ajinmu."

Daga ranar ta zama Malamar Dara, shi kuma Sarkin Ruwa. Rijiyar Bube ba ta da rezon waya sai an hau tudun da ke bayan makabarta, amma Sidi, wanda a da ko kasuwar Tchake sai an ja shi, ya zama kullum yana kan tudun nan da wayarsa a sama.

"Malamar Dara, yau na yi wa zuciyata tambayar nan taki. Ta karya doka, sunanki ta faɗa."

"Sarkin Ruwa, ka koma aji. Amma ka sani tawa ma ba ta ci jarrabawar ba."

A watan Fabrairu sojoji suka karɓi mulki, aka daina rufa-rufa, rediyo ya fito fili ya ce akwai yunwa a ƙasa. Ƙungiyar ta samu dusa da angurya don ceton dabbobi, sai dai ba za su ishi kowane gari ba. Aka ce Zara'u ta tsara wa ordinata, wato kwamfuta, yadda za ta fitar da garuruwan da fari ya fi ci. Ta zauna da komonad ɗinta, tana jin daɗi karatunta zai yi amfani. Da ta ga wasu lambobi sun yi nesa da na maƙwabtansu, sai ta ɗauka kuskuren masu aunawa ne, ta saka ɗan gyara a ciki: duk garin da lambarsa ta bambanta sosai, a ba shi ta kewayensa. Kwana uku aka ba ta, ba ta tsaya gwada dokar da ta zana wa Sidi a rairayi ba.

Kamiyoyi, manyan motocin kayan, suka wuce Rijiyar Bube suka sauke a wasu garuruwa. Ta ɗauka kayan ne suka gaza, har ta yi wa Sidi jaje.

Mahaifin Sidi, Malam Ƙadri, makiyayi ne da kakanninsa suka gangaro daga arewa. Shanu ashirin da huɗu gare shi. Kafin ruwan farko ya sauka, karsana ɗaya ta rage.

Ranar da Sidi ya aiko mata da labarin, ta buɗe ordinata ta nemi garinsu. Ɗari uku da ashirin ta gani a gaban sunan. Ta cire gyaran nan nata, ta sake tambaya. Rijiyar Bube ta hau ta zama ta biyu a jerin duka.

Mutari, abokin aikinta wanda ya daɗe yana kai wa mahaifinta gaisuwa da goro, ya leƙo ta kafaɗarta ya fahimci komai.

"Ki rufe wannan," ya ce a hankali. "Ba wanda zai sani. Ni kam bakina alaikum."

Ta san farashin shirun nasa, wato ta aure shi. Mahaifinta, Malam Manzo, dama ya riga ya faɗi ra'ayinsa: "Ban kai ki jami'a don ki ƙare gidan da ko garke babu ba. Ga Mutari nan, ɗan mutunci."

Zara'u ta daina amsa saƙo. Abinci ya fita ranta, ko nono ta gani a ƙwarya sai ta kau da kai. Kunya da nadama suka hana ta sakat, ga kuma son da bai ragu ko kaɗan ba. Sidi kuwa ya fassara shirun yadda kowane saurayi zai fassara shi.

"Zara'u, na ji labarin Mutari. Ban ga laifinki ba. Wanda kika sani ɗan mai shanu ne, yanzu kuwa sai alli da gwangwanin ruwa. Allah ya ba ki wanda ya fi ni."

Ta karanta sau uku tana kuka. Wato shi ne ma yake ba ta haƙuri. Ta rubuta ta goge har wayar ta yi zafi, daga ƙarshe ta aika:

"Sarkin Ruwa, ba talaucinka ya kore ni ba. Ina zuwa ranar Laraba. Ka ce wa Baba ina son magana da shi, kai ma kana wurin."

Kafin Larabar ta kai wa shugaban buro takarda da hannunta, ta bayyana abin da ta yi da garuruwa biyar da abin ya shafa. Mutari ya ce ta haukace. Da ta faɗa wa mahaifinta komai, sai ya sa hularsa ya ce ba zai bar 'yarsa ta je ita kaɗai ba.

Da hantsi suka iske Malam Ƙadri a bakin turken da ya zama fili, karsanar tana tuƙa a gefe. Zara'u ta durƙusa.

"Baba, lambar da Sidi ya ba ni gaskiya ce. Ni ce ban yarda da ita ba, na musanya ta da ta maƙwabtanku. Da na bar ta, da dusa ta iso nan. Shanunka a hannuna suka mutu."

Sidi ya miƙe ya juya mata baya. Tsohon ya ɗago ya dube ta.

"Ɗiyata, kin ce shanu. Ke lamba kika gani, bari ki ji su."

Ya fara kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da wadda ta haifi kowace, da inda ta faɗi. Wadda aka yi wa Sidi suna da nononta. Wadda suka ɗaga da itace su huɗu, ta sake zubewa. Ashirin da uku cif, bai tsallake ko ɗaya ba, ita kuma ba ta ɗaga kai ba har ya kai ƙarshe. Malam Manzo ya share ido da bakin rigarsa.

"Wa ya tona ki?" tsohon ya tambaya.

"Ba kowa, Baba."

"To mi ya kawo ki?"

"Na kasa bari ɗanka ya ɗauka shi ne bai isa ba."

Sidi ya juyo, idanunsa jajur. "Gwangwanina bai ƙarya, Zara'u. Na hwaɗa miki tun ranar hwarko."

"Ka hwaɗa. Ni ce ban ji ba."

"Kwana arba'in ina hawa tudu don saƙonki." Muryarsa ta karye. "Shanun sun yi mini ciwo. Amma da kin auri Mutari da wannan a cikinki, da shi ne ba zan yahe ba."

Malam Ƙadri ya ce shi ya yafe, duniya da lahira, amma da sharaɗi guda. Duk inda aikinta zai kai ta, damina mai zuwa a Rijiyar Bube za ta yi ta, kuma ita za ta riƙa duba ma'aunin. Malam Manzo, wanda ya zo rakiya kawai, ya gyara zama ya ce in dai ana neman 'yarsa a gidan nan, shi ya bayar.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a Tasawa. Karsanar nan Malam Ƙadri ya bayar sadaki. Zara'u ta roƙe shi da kuka ya bar abarsa, ya ce ai turken ɗaya ne, ta riƙe ta ta san nauyinta. Dattawan gidajen biyu suka sa albarka, suka roƙa musu zaman lafiya da zuriya ta gari da damina mai yalwa.

Ruwan farko ya sauka musu wata safiya a watan Yuni. Yayyafi ne, da ƙyar ya jiƙa rairayi, alhali hadarin ya yi baƙi ƙirin a kan maƙwabta. Zara'u ta ɗaga ma'aunin saitin idonta, Sidi yana riƙe mata da littafin.

"Nawa, Malamar Dara?"

"Huɗu."

"Na ji Attantane sun samu talatin. Ko dai yana yoyo?"

Ta karɓi alƙalamin daga hannunsa, ta rubuta huɗu.