Hoton Saje Bukar

Ana idar da sallar Juma'a rahoto ya iso ofishin 'yan sanda na Nima, a Ankara ta Gana: an shiga ɗakin Alhaji Hudu, an karya masa hannu, an sace littafi.

Sufeto Abdul-Fatawu ya san tsohon. Duk Zango babu mai littattafan yaƙin duniya kamarsa, tun daga na Jamus har na ƙasar Bama, inda mahaifinsa ya yi soja. Yanzu idanun Alhaji sun mutu, amma kullum sai ya shafa littattafan.

Ya tarar da shi kwance, 'yarsa Safara'u na riƙe da kansa. Gilashin kabad ya fashe, da jini a jikin gilashin.

"Jininka ne, Baba?"

"Na ɓarawo ne. Na ji sanda ya ce wash."

"Me ya ɗauka?"

Safara'u ta amsa a fusace. "Guda ɗaya tak! Na yaƙin Bama, mai hoton kakanmu Saje Bukar. Shi Baba zai kai taron tunawa da tsoffin sojoji ran Lahadi. Makaho fa! Ya bi shi da lalube yana roƙo, ɓarawon ya hankaɗe shi."

Sufeto ya dubi manyan littattafai masu tsada da aka bari a jere. Wannan ba ɓarawon kasuwa ba ne.

Ya wuce Adabraka, shagon Zulkifli mai sayar wa masu tara irin waɗannan littattafai.

"Ban taɓa ganin littafin nan ba," in ji Zulkifli.

"Alhaji Hudu ya ce biyu ne a Ankara, nasa da naka. Mu tafi ofis ka tuna."

Zulkifli ya share gumi. "Na sayar da nawa bara. Mai sayen ya rantsar da ni kada in faɗa."

"Wa?"

"Ciyaman Seidu, shugaban ƙungiyar 'ya'yan tsoffin sojoji."

Ofishin Seidu yana Maamobi. Ya tarbe shi da fara'a, hannunsa na dama naɗe da bandeji. A bango akwai hoton wani soja mai igiya uku, tsaye a dajin Bama da bindiga.

"Mahaifina ke nan," in ji Seidu. "Ran Lahadi za a karrama shi, ni zan karɓi lambar."

"Me ya sami hannunka?"

"Ƙofar mota."

"A wane masallaci ka yi Juma'a?"

"Na Kokomlemle."

"Kusa da wa ka tsaya a sahu?"

Sufeto ya miƙe, ya sauke hoton daga bango.

"Kai! Ajiye! Ka san da wa kake magana?"

Bai kula shi ba. Ya buɗe bayan firam ɗin. Shafin littafi ne aka yanko da reza, an naɗe ƙasansa ciki. Ya warware naɗin, ya karanta da ƙarfi: "Saje Bukar Grunshi."

Ya ɗago kai. "Sunan mahaifinka ke nan?"

Seidu ya zube a kujera.

"Za mu gwada jinin da ke gilashin da naka. Ko za ka hutar da mu?"

"Mahaifina bai je Bama ba," in ji Seidu a hankali. "Wanki yake yi wa sojoji a bariki. Da hoton nan na zama ciyaman. Da Alhaji ya buɗe littafinsa a taron, na gama yawo a Zango. Ban yi niyyar taɓa shi ba, shi ya riƙe min riga."

"Ina littafin?"

"Na jefa a babbar kwata."

Sufeto ya daki tebur. "Mahaifinka ya ci halaliyarsa da sabulu, ka ji kunyarsa. Ka sace uban wani, ka karya ɗansa makaho, ka jefa tarihinsu cikin ƙazanta. Kai ne shugaba?"

Ya ɗaura masa ankwa a kan bandejin.

Kafin su fito, labari ya zaga lungu. Mata masu sayar da wake da shinkafa sun bar tukwanensu suna yi masa ihu. Seidu ya nemi ya rufe fuska da hula.

"Bar ta," in ji Sufeto. "Yau dai su ga fuskarka ta gaskiya."

Ya tura shi cikin mota, ya rufe ƙofa.