Kyanwa a Kan Takardar Jarrabawa

Auta tana aji biyar. Tana da wata farar kyanwa da take kira Gimbiya. Ita dai kyanwar nan ba ta kwanciya a ƙasa. Sai a kan kujera, ko cikin kwandon wanki, ko a kan duk abin da mutum yake nema a lokacin.

Umman Auta malamar lissafi ce a makarantarsu. 'Yan aji shida take koyarwa. Duk ranar Asabar takan ara wa Auta wayarta na awa ɗaya, don ta gaisa da ƙawayenta a guruf ɗin ajinsu.

Wata Asabar da hantsi, Umma ta gama rubuta tambayoyin jarrabawar da za a yi ranar Litinin. Kwana uku tana fama da su. Ta ajiye takardun a kan tebur, ta yi miƙa.

"Alhamdu lillahi, na huta," in ji ta. "Da la'asar sai gidan Kaka."

Auta ta yi tsalle don murna. Umma ta miƙa mata waya, ta shiga kicin.

Ko da Auta ta waiwaya, sai ga Gimbiya ta haye tebur. Ta baje a kan takardun, ta ɗora hannu ɗaya a kan jan biron Umma, ta lumshe ido.

"Yaya, zo ka ga sabuwar malama!" Auta ta kira yayanta.

Yaya ya leƙo, ya tuntsire da dariya. "Wannan malamar kowa sifili za ta ba shi."

Nan take Auta ta ɗauki hoto, ta tura guruf. Ta rubuta a ƙasa: "Malama Gimbiya tana duba aikin gida."

Kafin ka ce me, saƙonni sun fara shigowa. Wannan ta turo dariya, wancan ya ce a gaishe da Malama. Auta sai washe baki take yi.

Can sai ga saƙon ƙawarta, wadda suke zama benci ɗaya: "Yayana na aji shida ya ce a gode wa kyanwarku. Ya buɗa hoton ya ga tambaya bakwai. Har ya tura wa abokansa."

Auta ta koma kan hoton. Ta sa yatsu biyu ta ƙara girman hoton. Ga rubutun Umma nan raɗau, daga wutsiyar Gimbiya har zuwa bakin tebur.

Da sauri ta goge hoton.

"Yaya, na goge. Shi ke nan ko?"

Yaya ya girgiza kai. "Kin goge naki. Na wayoyin mutane fa, wa zai goge?"

Auta ta yi tunani. Idan ta yi shiru, ranar Litinin wasu za su ci jarrabawa ba da guminsu ba. Kuma za a ce Umma ce ta fitar da tambayoyi. Ta ja ƙafa zuwa kicin, idonta ya cika da ƙwalla.

"Umma, na yi ɓarna."

Umma ta goge hannu, ta saurare ta har ƙarshe.

"Da kika ɗauki hoton, me kika gani?" ta tambaya.

"Gimbiya."

"Su kuma me suka gani?"

"Gimbiya da tambayoyi," Auta ta faɗa a hankali.

"To kin gani. Ke abu ɗaya kike kallo, amma waya duk abin da ke gabanta take kwashewa. Ni ma da laifina, da na bar takardu a fili. Amma na ji daɗi da kika faɗa mini da wuri."

Umma ta kira shugaban makaranta, ta yi masa bayani. Ya ce a sake sababbin tambayoyi. Zuwa gidan Kaka ya fasu ke nan.

Umma ta sa Auta ta rubuta a guruf da hannunta: "Ku yi haƙuri, na tura hoto ban duba ba. An canza tambayoyin. A gaya wa 'yan aji shida su karanta littafinsu duka."

Daga nan Umma ta koma kan tebur. Auta kuwa ta karɓi aikin gidan. Ta yi wanke-wanke, ta yi shara, ta linke kayan wanki. Yaya aka ba shi gadin ƙofa, kada Gimbiya ta shigo.

"Malama, an sallame ki daga aiki," yake ce wa kyanwar, ita kuma tana ta yi masa kuka, miyau-miyau.

Har Umma sai da ta dara.

Ranar Litinin aka yi jarrabawa lafiya. A lokacin hutun tara, shugaban makaranta ya haɗu da Auta a baranda.

"Ke ce mai kyanwar da ta san lissafi?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Malam. Ba zan ƙara ba."

"Na sani. Ki gaishe ta," ya ce yana murmushi.

Asabar ta zagayo, suka tafi gidan Kaka har da Gimbiya a cikin kwando. Suna isa, kyanwar ta haye cinyar Kaka ta yi ɗaiɗai. Auta ta ɗauki hoto. Wannan karon ba ta yi gaggawa ba. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta duba kowane lungu na hoton. Sannan ta nuna wa Umma.

"Babu takarda, babu lambar gida. In tura?"

"Saura abu ɗaya," in ji Umma. "Kin tambayi mai cinyar?"

Auta ta juya. "Kaka, kin yarda ƙawayena su gan ki?"

"Tsaya in gyara ɗankwalina tukuna," in ji Kaka. "Ba za a ce kyanwa ta fi ni kyau ba."

Duk suka fashe da dariya, aka sake ɗaukar wani.

Tun daga ranar Auta ta riƙe darasinta: kafin ka tura hoto, ka duba duk abin da ke cikinsa, ka nemi izinin wanda ke ciki, ka kuma nuna wa babba. Domin abin da ka tura ya riga ya bar hannunka.