Shafin Auta Da Asirin Gida

Ƙarar ƙyauren gida ce ta sa Umma ta ɗago kai daga gugar da take yi. Ta kasa kunne, dutsen guga na rataye a hannunta, farar riga shimfiɗe a kan tebur.

"Auta, leƙa ki gani. Ina jin Yayanki ne."

Auta na zaune a bakin ƙofar falo da kwamfuta a cinya. Ta san iska ce. Ta kuma san Yaya ya kusa shekara biyu a ƙasa, tun ranar da babbar mota ta kwashe shi da babur ɗinsa a hanyar dawowa daga aiki. Duk da haka ta miƙe, kamar yadda take yi kullum idan la'asar ta yi sanyi, ta leƙa titi ta dawo.

"Ba shi ba ne, Umma."

"To, ya tsaya hira ke nan. Rufe masa abincinsa kar ya huce."

Umma ba ta fita hayyacinta ba. Tana girki, tana salla a kan lokaci, ta san ranar jarrabawar Auta fiye da Autar kanta. Wannan abu ɗaya ne kawai ya ƙi shiga kanta. Ko ranar rasuwar ba ta zubar da hawaye ba. Abba kuwa, tsohon malamin makaranta mai tsare gida, ya kafa doka: ba a ta da maganar, ba a kai ta waje. "Ciwon gida a gida yake kwana," in ji shi.

Sai dai ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba, kuma na Auta ya cika har wuya. Wuri ɗaya take da shi na sauke kaya, shafinta na intanet. Yaya ne ya buɗe mata shi da ta shiga jami'a.

"Kin cika surutu kamar rediyo mai jini," ya ce yana dariya. "Zuba shi a nan, mu samu lafiyar kunne!"

Shi ya fara yi mata kwament a ƙarƙashin rubutunta na farko: "Ni ne na ɗaya! Allah ya ja zamanin marubuciyar gidanmu." Da can labarin lakca take rubutawa, da layin shiga mota, da malaminsu mai gyangyaɗi a tsakiyar darasi. Bayan rasuwar sai alƙalaminta ya canja. Ta rubuta ɗakin Yaya da ƙamshin turarensa ya ƙi fita. Ta rubuta kwanon da ake rufewa kowace yamma, a juye wa kaji da safe. Ta rubuta Umma. Ba ta sa sunan kowa ba, don haka ta ɗauka ta tsira.

A ƙarƙashin wannan rubutun ne wani ya ce: "Kin sa ni kuka a wurin aiki, Allah ya ji ƙansa. Amma 'yar gyara kaɗan: ɗaki da ƙugiya ake rubuta shi."

"Ji min mutum!" Auta ta faɗa a fili, hawaye da dariya suka haɗe mata. Ta amsa masa: "Na gode, Malam Gyara."

Sunan ya bi shi ke nan. Ashe ma'aikaci ne a laburaren jami'arsu, dogo mai gilashi da take wucewa kullum a teburin aron littafi. Daga gyaran rubutu aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka koma rakiya zuwa tashar mota. Bai taɓa ce mata ta manta ba, bai taɓa gajiya da labarin Yaya ba. Wata rana ya tsaya a bakin titi ya gyara gilashinsa.

"Auta, akwai wani kuskure babba da nake son in gyara."

"Na shiga uku! A wane rubutun kuma?"

"A rayuwata. Babu ke a cikinta."

Ta rufe fuska da jakarta. Rabon da ta ji irin wannan sanyin tun Yaya na da rai.

Malam Gyara maraya ne. Tun rasuwar mahaifinsa, maganar gidansu tana hannun Gwaggo, yayar marigayin, mace mai baki kamar reza. Shi kuma don murna ya nuna wa ƙanwarsa shafin, ita kuma ƙanwar ta watsa shi a girup ɗin danginsu na waya da cewa, "Ku zo ku ga basirar amaryarmu!"

Ba a yi sati ba Gwaggo ta yi sallama a gidan su Auta, wai ta zo ganin gida. Aka shimfiɗa mata darduma, Auta ta kawo ruwa ta durƙusa ta gaishe ta. Gwaggo ba ta taɓa ruwan ba. Idonta na kan rufaffen kwanon da ke kan tebur.

"Wannan kuma na wa aka ajiye?"

"Na babban ɗana ne," in ji Umma da fara'arta. "Yana hanya."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ashe yarinyar ba ƙarya ta rubuta ba!"

Abba da ke shigowa daga waje ya tsaya cak. "Wace yarinya? Me aka rubuta?"

"Au, kai ba ka sani ba, Malam? Ai duniya ta sani! 'Yarka ta baza a intanet cewa uwarta na jiran mamaci da kwanon abinci. To ni ba na ɓoye-ɓoye. Ɗan ƙanina amana ne a hannuna, ba zan haɗa jininmu da gidan da ake da taɓin ƙwaƙwalwa ba. Irin wannan gado ne, nono yake bi!"

Ta kaɗe mayafinta ta fice. Ƙyauren ya yi ƙara a bayanta, Umma ta juya ta kalle shi, amma wannan karon ba ta aiki Auta leƙen titi ba.

Auta ba ta taɓa ganin Abba haka ba. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi duka ciwo.

"Ni na haife ki?" ya ce. "Uwarki da ta goya ki, ita kika tuɓe wa zane a tsakiyar kasuwa don baƙi su tafa miki?"

"Abba wallahi ban sa suna ba... Ban yi don—"

"Rufe min baki! Ɗauko abin nan ki goge shi duka, yanzu, a gabana."

Ta ɗauko kwamfutar. Ta shiga shafin, ta kai yatsa inda za ta goge, sai yatsan ya ƙi. Kuka ya ƙwace mata.

"Abba, zan goge in ka ce. Amma ka duba nan tukun. Maganar Yaya ce. Ita kaɗai ta rage min da ya rubuta da hannunsa. In na goge, ta tafi har abada."

Abba ya sunkuya ya karanta. Ya sake karantawa. Auta ta ga ya dafa bango. Sannan ya yi magana, da wata murya da ba tasa ba.

"Rufe shi dai. Kar kowa ya ƙara gani."

Ta rufe shafin. Washegari ta sami Malam Gyara a bayan kantocin littattafai, idonta a kumbure.

"Ka bi maganar Gwaggonka," ta ce. "Ni na jawo, ni zan ɗauka."

"Ba ke kaɗai ba. Ni na nuna abin da ba nawa ba ne." Ya cire gilashin ya goge, ya mayar. "Ba zan yi wa Gwaggo rashin kunya ba, don ita ta tsaya mana da mahaifina ya rasu. Amma ba zan nemi wata ba. Zan yi ta roƙonta har Allah ya sauko da ita. Ke dai ki yi haƙuri da ni."

Watanni suka shuɗe. Abba ya hana shi zuwa gidan, ita kuma ta daina shiga laburare don kar ta saɓa. Abba ba ya amsa gaisuwarta sai da ka. A makaranta ma wasu sun gane, tana wucewa ana zunɗen ta. Mafi muni, tun da ta daina rubutu sai abin ya dawo mata ciki. Tana wanke-wanke sai ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida, har da ɗan tarin da injinsa ke yi kafin ya mutu. Ta wuce ɗakin Yaya sai ta ga kamar labule ya motsa. Wata yamma ta tsinci kanta a bakin titi tana leƙe, alhali Umma ba ta aike ta ba. Ko dai gaskiyar Gwaggo ce? Ko abin ya fara bin ta?

Ta dawo ciki, ta tarar da Umma zaune a bakin gadon Yaya.

"Zo nan, Auta. Matar nan ta ce kin rubuta ni. Na daɗe ina juya maganar. Karanta min in ji."

"Umma, don Allah ki yafe—"

"Karanta min, na ce."

Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta ta fara karantawa. Ta karanta rigar da ake gogewa, da kwanon, da ƙyauren. Har ta zo inda ta rubuta: "Ni na san Ummata ta sani. Ba mantawa ta yi ba. Gani take duk ranar da ta daina jira, ranar ce ta binne shi da hannunta."

Sai Auta ta ji wani ɗumi ya ɗiga a bayan hannunta. Ta ɗago. Umma ce ke kuka, kukan da ta riƙe tun ranar farko, mai fitowa daga can ƙasan ciki.

"Na sani, Auta! Wallahi na sani! Ni na shafa fuskarsa, ta yi sanyi... Ɗana ya tafi, ba zai dawo ba!"

Suka rungume juna. Abba ya shigo a guje, ya tsaya a bakin ƙofa, sai ga shi a durƙushe yana nasa kukan kamar yaro. Ranar aka ambaci sunan Yaya a gidan da babbar murya, aka yi masa addu'a tare.

Da suka natsu, Umma ta riƙe haɓar Auta.

"Kin gan ni fiye da yadda na ga kaina, 'yata. Amma ciwon nan nawa ne. Da ni kika fara karanta wa, kafin duniya."

Wannan maganar ta fi duk faɗan Abba shiga jikin Auta.

Da kansa Abba ya kai Umma wurin likita, ya kuma sa aka duba Auta. Likitar ta ce baƙin ciki ne da aka danne, ba hauka ba, ba kuma gado ba. A hankali Umma ta fara dawowa.

Can gidan su Malam Gyara kuwa, shi bai fasa zuwa gaida Gwaggo ba, ko ta amsa ko ta kau da kai. Mahaifiyarsa, mace mai kawaici da ba ta taɓa musu da dangin mijinta ba, ita ce ta gaji ta je ta same ta.

"Yaya, ki gafarce ni, yau zan yi magana. Da ƙaninki ya rasu, wa ya yi ta kiran lambarsa yana sauraren ƙarar wayar? Ni na gan ki, ban faɗa wa kowa ba. Mahaukaciya ce ke? Ko kuwa so ne?"

Aka ce ranar Gwaggo ba ta iya cin abinci ba.

Ba ta sauko nan take ba, don girman kai ba ya narkewa a rana ɗaya. Amma bayan Auta ta gama jarrabawar ƙarshe, sai ga Gwaggo ta yi sallama. Ta zauna tana ta murza bakin mayafi, sannan ta dubi Umma.

"Baiwar Allah, na zo da ƙafata na ci miki fuska a ɗakinki. Na dawo da ƙafata ki yafe min."

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya," in ji Umma. "Sha ruwa."

Gwaggo ta ɗauki kofin ta shanye tas.

Aka ɗaura auren Auta da Malam Gyara cikin mutunci, Gwaggo ce ma kan gaba wajen hidima, tana yi wa kowa tsawa kamar ita ta haifi amaryar. Abba da bakinsa ya ce ta sake buɗe shafinta. Ta buɗe, ta ci gaba da rubutu, amma ba ta ƙara saka labarin wani ba sai ta zaunar da shi ta karanta masa, ya ce ya yarda.

'Yan'uwana matasa masu waya a hannu, ku ɗauki darasi. Ba duk abin da idonka ya gani ne naka na faɗa ba, domin ciwon wani amana ne, kuma magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ku kuma iyaye, rufe ciwo ba ya warkar da shi, ruɓar da shi yake yi. Auta ta yi kuskure ta karɓi laifinta, masoyinta ya jira bai saɓa wa na gaba da shi ba, Allah kuma bai bar haƙurinsu ya faɗi ƙasa banza ba.